Fuskar Dada a Shafi na Biyar

Birnin Kudu,
8 ga Mayu, 2023

Yaya Badaru,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da A'i da yara. Mu nan lafiya lau, sai Baba da idonsa ke damunsa. Likita ya ce hawan jinin ido ne, ya ba shi maganin ɗigawa safe da yamma. Bai fasa karatun zaure ba, sai dai yanzu da ka yake yin yawancinsa.

Ni ce Ummussalma ta gidan Malam Iliyasu, jikar Dada Tani, yayar kakanka. Na faɗa ne don kada ka ce ba ka gane ba, tunda rabonmu da haɗuwa an fi shekara shida. Na kira lambarka sau uku ba ta shiga ba, sai aka ce in ba Sanda direba takarda, motarsa tana tsayawa kusa da shagonka a Gwaram.

Ga abin da ya sa na nemo ka. Ni ke koyar da 'yan ajin farko a Islamiyyar Baba, 'yan shekara biyar zuwa shida. Bayan hadda nakan yi musu rabin awa na karatun Hausa. Littattafan hoto uku gare mu, duk kyauta aka ba mu. Ɗaya yaro ne yake wasa da ƙanƙara mai saukowa kamar auduga, ɗaya jirgin ƙasa ne mai magana, na ukun wata dabba ce da ni kaina sai da na tambayi sunanta. Yaran suna son hotunan, amma sai rabin awar ta ƙare ina bayanin mene ne wannan, mene ne wancan, ba a karanta ko layi biyu ba.

Shi ne na rubuta nawa. Labarin Dada ne da kazarta, lokacin da ta sa mata ƙwan zabi bakwai ta ƙyanƙyashe, ta rene su, da suka girma suka tashi suka hau tsamiya suka bar ta a ƙasa tana kira. Shafi goma sha biyu ne, kowanne layi biyu ko uku. Yana cikin ambulan ɗin nan. Zane ne ban iya ba. Kai kuwa an ce rabin allunan shagunan Gwaram hannunka ne, kuma a gabanta ka tashi. Ni ina shekara tara ta rasu, muryarta kawai na riƙe.

In za ka yi, ka bar fili a ƙasan kowane shafi don rubutu.

Ƙanwarka,
Ummussalma


Gwaram,
3 ga Yuni, 2023

Malama Ummu,

Wa alaikumus salam. Mu duka lafiya. Ruwa ya sauka mana sau biyu, mun yi shukar gero. Allah Ya ba Baba Malam lafiya, ki gaishe shi ki gaida Inna.

Na gane ki, ba sai kin karanto min dangi ba. Wayata kuwa a ƙauyenmu Farin Dutse sai an hau tudu take kamawa, a shago kuma hannuna kullum da fenti. Takarda ta fi, tunda dama zanen ma a ambulan zai riƙa tafiya.

Na karanta labarin na yi dariya, don ina nan aka yi. Kazar ja ce mai tsirara a wuya, haka na zana ta. Kin rubuta tsamiya, alhali ɗorawa ce. Na bar miki tsamiyarki tunda ta fi sauƙin karantawa ga yaro.

Ga goma sha biyun nan da fensir. Da farko na gwada fentin allo, ya huda takardar ya fito ta baya. Sai na aika Dutse aka sayo min fensira masu launi, amma ba zan sa launi ba sai kin duba kin dawo min da su. Aikin ba irin nawa ba ne. Allon shago daga nesa ake karanta shi, mutum yana kan babur. Wannan kuwa yaro zai kai shi bakin hancinsa, duk abin da ka yi ha'inci a kai zai gani. Ɗige-ɗigen jikin zabin kaɗai sun ci min kwana biyu.

Ki duba shafi na biyar, inda take zaune a kan turmi tana duba ƙwan a rana. Kin san ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba, ko na katin zaɓe. Ban yi niyyar kama fuskarta ba, tsohuwa kawai na so in zana. Sai ga ta ta fito. Na kira A'i ta gani, ita ba ta san ta ba, sai na kai wa babana. Ya ce, "Gwaggo ce." A sauran shafukan daga wannan na kwafa.

Abu ɗaya nake roƙo. Kada a ɗauke su a waya sai an gama. An taɓa yaɗa wani zanena ban ƙarasa shi ba, har yau ana nuna min.

Yayanki,
Badaru


Birnin Kudu,
9 ga Yuni, 2023

Yaya Badaru,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, ina fatan ku ma haka. A gurguje nake rubutun nan, Sanda yana jira kuma gobe muna da musabaƙar yara.

Zanen ya yi kyau fiye da yadda na zata. Kazar nan kamar ta yi magana. Ga gyararrakin da na gani:

A shafi na takwas zabi shida ne, ɗaya ya ɓata. 'Yata Najiba ce ta ƙirga ta gano, ni ban lura ba. A shafi na uku filin rubutun ya yi kaɗan, ka ɗaga ƙafar turmin sama. Mai ɗab'in da na yi magana da shi a Kano ya ce a bar faɗin yatsa biyu a kowane gefe saboda yanka, kuma kada a zana abu mai muhimmanci a tsakiya inda za a ɗinke.

Shafi na biyar kuma, Baba ya gani. Ya kai shi kusa da idonsa ya daɗe yana dubawa, sannan ya kife takardar a kan buzu ya ce a ɗauke ta daga gabansa. Ranar ko karatun la'asar bai fita ba. Za mu yi maganar daga baya.

Ga su nan duka na dawo maka da su. Ban ɗauka a waya ba.

Ummussalma


Birnin Kudu,
16 ga Yuli, 2023

Yaya Badaru,

Assalamu alaikum. Barka da Sallah, ko da ta wuce. Ina fatan lafiya ce ta ɓoye ka. Mu muna lafiya. Idon Baba dai an canza masa magani.

Yau sati biyar ke nan ban ji daga gare ka ba. Sanda ya ce ya ba ka ambulan hannu da hannu, kuma yana ganin shagonka a buɗe ranar kasuwa. Na kira wayarka, sau biyu ta shiga ba a ɗauka ba. Na san lokacin noma ne, ba ina matsa maka ba ne. In gyararrakin ne suka yi yawa ka faɗa min, ni ban san wahalar aikin ba. Ko layi ɗaya ne ka aiko.

Baba ya tambaye ni labarin littafin sau biyu a satin nan.

Ƙanwarka,
Ummussalma


Gwaram,
2 ga Agusta, 2023

Malama Ummu,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau muke, mun gama noma na biyu. Allah Ya ƙara wa Baba Malam sauƙi.

Ga littafinki nan, na gama, na sa launi. Zabi bakwai ne a duk shafin da suka fito, na ƙirga sau uku. An bar yatsa biyu a gefe.

Za ki ga na cire fuskar. Duk inda Dada ta fito, ta ba mu baya, ko kuma mayafi ya rufe ta. A shafi na biyar ƙwan da hannunta kawai ake gani. Na gane saƙon, ba sai an yi min bayani ba. Baba Malam malami ne, abin da ya ce a ɗauke daga gabansa ba zai shiga makarantarsa ba. Kuma da kika ce yana tambayar littafin, na san so yake ya ji ko an gyara.

Ba yau ya fara ba. Ina shekara goma ya zo Farin Dutse gaida Dada, ya tarar na cika bangon zaure da dawaki da mutane da gawayi. Ya sa aka kawo ruwa da tsumma, ya tsaya a kaina har na goge su tas. Bai dake ni ba, bai ma ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi in nemi abin da zai amfane ni. Shi ya sa na tsaya a haruffa da kwalaben lemo da buhunan taki, shekara ashirin ke nan. Takardarki ce ta sa na manta.

Ban ɗauki wayarki ba don ban san me zan ce ba. Ba fushi nake da ke ba. In kaza da zabin ma ba su halatta ba, ki faɗa min in san yadda zan yi da su.

Badaru


Birnin Kudu,
7 ga Agusta, 2023

Yaya Badaru,

Assalamu alaikum. Muna gaida A'i da yara. Mu lafiya, amma maganar Baba sai ka karanta zuwa ƙasa.

Laifina ne. Na rubuta maka rabin magana ina sauri, na ce za mu yi ta daga baya, ban yi ba. Ba abin da ka fahimta ba ne.

Ka san lokacin da Dada ta rasu Baba yana kudu wurin tafsirin azumi. Babu waya a lokacin, sai bayan kwana huɗu saƙo ya iske shi. Ya zo ya tarar da ƙasa. Kafin nan ma ya yi wata takwas bai je ya gan ta ba, kullum yana cewa sai bayan Sallah. Inna ce ta gaya min wannan, ni ban sani ba. Ta ce ranar da na nuna masa zanen, da ta shiga da abinci ta same shi yana kuka, abin da ba ta taɓa gani ba tun aurensu. Ya ce mata shekara ashirin da biyu yana neman fuskar mahaifiyarsa a ransa ba ta zuwa, sai ga ta a takarda tana kallon ƙwai.

Da ambulan ɗinka ya iso na kai masa ban buɗe ba. Ya ce in nemo masa shafi na biyar. Ya kai shi kusa da ido, ya juya shi, ya sake kaiwa. Sai ya ce, "Ina take?" Na karanta masa takardarka duka, har maganar zaure. Ya ce ya tuna, kuma a lokacin yana da shekara talatin da 'yan kai, yana ganin duk abin da ya karanta fuska ɗaya gare shi.

Na tambaye shi hukuncin kai tsaye. Ya ce malamai sun yi saɓani, kuma ya san akwai sauƙi a abin da aka yi don koyar da yara. Amma ba shi zai yanke ba, don ransa yana so, kuma ba ya ba da fatawa a abin da ransa ke so. Ya aika wa wani abokin karatunsa a Kiyako da tambayar, bai faɗa masa ko wace ce a zanen ba. Amsa ta zo jiya, ya ce a yi.

Na kuma karanta wa 'yan ajina littafin yadda ka aiko shi. Sun gane turmi, sun gane akurki, sun yi ta gardamar ko kazar wa ta fi kama da wannan. Ba wanda ya tambaye ni mene ne wannan. Yara huɗu sun karanta shafin farko da kansu. Amma a shafi na bakwai wata yarinya, Khuzaima, ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, tsohuwar fushi take da mu?" Na ce a'a. Ta ce to me ya sa ba ta juyowa.

Yanzu maganar idon. Likita ya ce na hagu ya riga ya tafi, na dama kuma kaɗan ya rage, maganin jinkirtawa kawai yake yi. Bai faɗi wata nawa ba. Don Allah ka aiko da shafi na biyar na farko, mai fensir, ko da bai shiga littafin ba.

Ƙanwarka,
Ummussalma


Gwaram,
19 ga Agusta, 2023

Malama Ummu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Allah Ya tsare wa Baba Malam abin da ya rage.

Babu na farko. Takarda ɗaya ce. A kanta na sa magogi na goge fuskar, na zana mayafi, na bi da launi. Sauran shafukan ma haka. Ranar da takardarki ta zo na ɗaga wani shafin gwaji da ya rage min, wanda shi ma na goge, a rana ko zan ga sawun fensir, babu komai.

Shi ya sa na yi kwana goma sha biyu ban amsa ba. Na so in aiko da zane, ba bayani ba. Na rufe shago kwana uku na zauna. Na zana ta sau goma sha ɗaya. Kowacce tsohuwa ce mai kyau, amma ba ita ba ce. Na kai wa babana uku daga ciki, ya duba ya ce wannan ta yi kama da mai ƙosai ta bakin tasha. Na san tana da tsaga uku a kowane kunci, na san haƙorinta ɗaya na sama ya fita. Duk na sa. Na farkon ban yi tunani ba ya fito, yanzu kuwa da na ɗora fensir sai in ji ina tunani.

Da na ɗauki wayarki a watan Yuni da ba a kai ga haka ba. Ki ba Baba Malam haƙuri, ni ba zan iya haɗa ido da shi ba. In kina so in aiko da wadda ta fi dama a cikin goma sha ɗayan saboda littafin, yara ba su san bambanci ba.

Badaru


Birnin Kudu,
22 ga Agusta, 2023

Yaya Badaru,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Na karanta wa Baba takardarka. Ya ce in rubuta abin da zai faɗa yadda ya faɗe shi, kada in gyara:

"Badaru, ni na fara sa ka gogewa, saboda haka ba ka da haƙurin da za ka ba ni. Ka zo ranar Lahadi da hantsi da takardarka da fensirinka. Ka bar goma sha ɗayan a gida. Haɗa ido kuma kada ya dame ka, ba sosai nake gani ba."

Ni ina makaranta a lokacin, ba lallai mu haɗu ba. Inna ta ce kada ka ci abinci a hanya.

Ummussalma


Gwaram,
29 ga Agusta, 2023

Malama Ummu,

Assalamu alaikum. Na dawo gida lafiya, na tarar da kowa lafiya. Ban jira ki ba don hadari ya haɗu kuma a babur nake. Ki yi wa Inna godiyar dambu.

Tunda ba kya nan, ga yadda aka yi. Baba Malam ya sallami masu karatu, ya sa aka shimfiɗa mana tabarma a bakin zaure inda haske ya fi. Ya ce shi zai faɗa ni in zana. Ya fara da goshi, ya ce faɗi gare shi kamar nasa. Ya kama hannuna ya ɗora a goshinsa don in ji. Ya ce girarta ta dama ta fi ta hagu tashi, musamman in an yi mata ƙarya. Ya ce ba ta dariya da baki buɗe, leɓe take cijewa. Duk abin da na zana sai ya karɓa ya kai bakin idonsa na dama, ya karkatar da kai, ya ce rage nan, ƙara nan. A kan hanci kaɗai mun yi kusan awa ɗaya. Tsakanin haka yana ba ni labarinta, yadda ta raka shi da ƙafa har bakin titi ranar da zai tafi karatu, da tulun zuma a kanta na malaminsa. Mun tashi mun yi azahar mun dawo.

Wajen la'asar ya karɓa ya daɗe bai ce a gyara komai ba. Sai ya ce, "Ita ce."

Na karɓa na duba. Malama Ummu, ba Dadar da na sani ba ce. Mace ce 'yar shekara arba'in, haƙoranta cif, kuncinta a cike. Ni ban taɓa ganin wannan matar ba. Na faɗa masa haka. Ya ce ya sani, tsohuwar ni na zauna da ita, shi wannan ya sani. Ya naɗe ta ya sa a aljihun rigarsa. Ya ce ba zai rataye ta a bango ba, zai riƙa dubawa ne iya kwanakin da idon ya ba shi, bayan nan ke za ki ajiye.

Kafin ya naɗe na roƙe shi na kwafa a wata takarda. Jiya a shago na ɗauki kwafin na fara tsufar da ita. Na zurma kuncin, na cire haƙorin, na ja layukan goshi da na gefen ido. Ban gama ba na ga tana dawowa. Ba daidai da ta farko ba, wancan ta tafi. Amma na kai wa babana ban ce masa komai ba, ya ajiye carbinsa ya karɓa da hannu biyu.

Ga sabon shafi na biyar nan. Sauran sha ɗayan sai na sake su daga farko, ki ba ni sati uku. Ki gaya wa Khuzaima tsohuwar za ta juyo.

Akwai abu ɗaya da Baba Malam bai gaya muku ba, ya ce ni in faɗa. Da zan tafi ya rako ni har wurin babur, ya tambaye ni ko har yanzu ana gane kabarinta. Tun zuwansa ta'aziyya bai koma ba. Na ce babu alama a kai, amma ina cikin waɗanda suka ɗauke ta, kuma na san wurin, taku kaɗan ne gabas da wata aduwa. Ya ce yana so ya je tun yana ganin hanya.

Ranar Asabar zan zo da motar Sanda in ɗauke shi, mun yi magana zai ajiye masa kujerar gaba. Ki ce wa Inna ta haɗa masa maganin idonsa na kwana biyu, da takalmin roba. Daga bakin gari zuwa maƙabartar da ƙafa ake zuwa, kuma bana akwai laka.

Yayanki,
Badaru